ƘURAJEN GABAN NAMIJI: WANNE NE NA HALITTA, WANNE NE NA KAI WA LIKITA?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, magidanta da samari, yau za mu taɓo wata magana wadda ba a saba yin ta a dandali ba. Maganar ƙurajen da ke fitowa a gaban namiji ce, wato bisa azzakari, ko fatar maraina, ko cikin matsematsi. Muna neman gafarar dattawa. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da kunya ta hana a faɗa tun yana ƙarami, sau da yawa shi ne ke kwantar da mutum a asibiti.

In ƙaya ta soki mutum a gona, nan take zai zauna ya nemi a cire masa. In idonsa ya yi ja, kowa zai gani ya ba shi shawara. Amma ƙurjin da ke cikin wando, mai shi kaɗai ya san da zamansa. Shi ne majinyaci, shi ne likitan kansa, kuma ma'auninsa ɗaya ne tak: abin yana zafi ko ba ya zafi? To, wannan ma'auni mayaudari ne. Akwai ƙurji mai zafi wanda zai warke cikin sati guda. Akwai kuma wanda ba ya zafi ko kaɗan, yana ɓacewa da kansa, amma shi ne mafi haɗari duka.

MISALIN MUTUM BIYU

Mu ɗauki misalin wani saurayi da ake shirin aurensa bayan kaka. Wata rana wajen wanka sai ya lura da waɗansu ƴan ƙananan ƙuraje jere a gefen kan azzakarinsa. Hankalinsa ya tashi, barci ya ƙaurace masa. Kunya ta hana shi zuwa likita. Wani aboki ya ce masa ya ɗiga ruwan batir. Ya ɗiga, fata ta ƙone, wuri ya zama gyambo, aka ɗaga biki. Alhali ƙurajen nan halitta ce, ba cuta ba ce, ba su bukatar magani ko na dala ɗaya.

Na biyu magidanci ne, ya komo daga cin rani. Sati uku bayan wata saduwa da ya yi a can, sai ɗan ƙurji ɗaya ya fito masa, ya fashe, ya zama ɗan gyambo mai tsabta, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Ya sayi kafso wajen mai tallar magani, ya barbaɗa garin. Bayan wata guda wurin ya warke sarai, har ya yi wa mai magani godiya. Da shekara ta kewayo, matarsa ta haifi ɗa ba rai. Sai da aka auna jininsu aka gane tunjere ne.

Na farko ya ji tsoron abin da ba na tsoro ba ne. Na biyu ya raina abin da ya kamata ya tsorata. Abu ɗaya ya cuce su: kowannensu ya yanke wa kansa hukunci, bai bari idon masani ya gani ba.

ƘURAJEN HALITTA

Fatar gaba fata ce kamar ta sauran jiki. Tana da ramukan gashi, da ƴan jakunkunan maiƙo, da jijiyoyin jini. Da yake siririya ce, ana ganin waɗannan abubuwa a fili. Ga waɗanda aka fi gani:

1. Ƴan ƙuraje masu jere. Suna kewaye da gefen kan azzakari, layi ɗaya ko biyu, kamar an jera ƙananan duwatsun ado. Duk girmansu ɗaya, ba su kai ƙwayar hatsi ba. Suna bayyana bayan balaga, sun fi yawa ga wanda ba a yi wa kaciya ba, amma mai kaciya ma yana iya samun su. Ba su zafi, ba su ruwa, ba a ɗaukar su, ba a ba wani. Suna raguwa in shekaru sun ja.

2. Ɗigo-ɗigo fari ko rawaya a jikin azzakari da fatar maraina. Jakunkunan maiƙo ne. In an ja fatar sun fi fitowa. Mutane da yawa suna da irinsu har a gefen leɓe.

3. Ƙullutu a cikin fatar maraina. Mulmulalle ne, mai santsi, kamar ƙwayar wake ko gujiya, yana motsi tare da fata. Wata ƴar jaka ce da ta cika da farin abu mai kauri. Ba ta da lahani sai in ta kumbura ta yi mugunya. In ta dami mutum, likita na iya cire ta da ɗan ƙaramin aiki.

4. Ƴan ɗigo baƙi ko ja mai duhu bisa fatar maraina, galibi ga manya da tsofaffi. Ƙananan jijiyoyin jini ne da suka buɗe. In an sosa su da ƙarfi sukan yi jini kaɗan.

Alamar ƙurajen halitta ita ce: sun daɗe a wurin, ba su girma, ba su yaɗuwa, ba su sake kama, ba su fashewa. Duk da haka, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya nuna wa malamin asibiti sau ɗaya. Dubawar minti biyu ta fi zullumin shekara.

ƘURAJEN ZUFA, ASKI DA ƘWARI

Waɗannan cuta ce, amma ba lalle ta hanyar saduwa ake samun su ba.

Ƙurajen aski. Aske gashin mara tsabta ce da aka san mu da ita. Amma dakusasshiyar reza, ko aski a bushe ba sabulu, yana yi wa ramin gashi rauni. Bayan kwana biyu ko uku sai ƴan ƙuraje masu farin kai su fito, kowanne da gashi a tsakiyarsa. Wanki da ruwa da sabulu, da dakatar da aski, sun isa su warke cikin sati ɗaya ko biyu. In ɗaya ya girma ya zama maruru, a riƙa gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, kada a matse. Kowa ya riƙe rezarsa, ba a aron reza.

Makeron matsematsi. A bazara, lokacin da zufa ba ta bushewa, fatar matsematsi takan yi faci mai faɗi, mai ƙaiƙayi, bakinsa da ƴan ƙuraje, yana ci gaba kamar wutar daji. Wando mai matsewa na leda yana ƙara shi. Akwai man shafawa na musamman da ke kashe shi, ana shafawa sati biyu zuwa huɗu. A kiyayi man nan masu sa fata fari. Suna kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, daga baya makero ya dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Ƙazwa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami cikin fata yana yin ƙwai. Yana son tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu, kuma ga namiji yana son azzakari da maraina, inda yake barin ƙuraje masu tauri. Babbar alamarsa ƙaiƙayi mai tsanani da dare. Wanda ya ɗauka karon farko yakan yi sati 4 zuwa 6 kafin ya fara susa, kuma duk tsawon wannan lokaci yana ba wasu. Ta fi yawa inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya bisa tabarma ɗaya. Maganinta ana shafa shi tun daga wuya har yatsun ƙafa, kuma duk mutanen gida ake yi wa rana ɗaya, da mai susa da marar susa. Tufafi da mayafai a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda kwana 3 ko fiye, domin ƙwaron ba ya daɗewa in ya rabu da jikin mutum.

Ƙwarƙwatar mara. Ita ana ganin ta da ido, manne a gindin gashi tare da ƙwayayenta. Akwai maganinta a farmasi. Kada a kuskura a shafa maganin ƙwarin gona ko na rumbu. Guba ne, fata tana shan sa.

Ƙurjin da magani ke kawowa. Wannan mutane kaɗan suka san shi. Wani jikin ba ya jituwa da wani magani, kamar Bactrim, ko Fansidar, ko kafson tetarasikilin. Awoyi kaɗan bayan an sha, sai kan azzakari ya yi faci mai zafi, ya tashi kamar ƙuna, ya saɓule. In ya warke ya bar baƙin tabo. Ranar da aka sake shan wannan magani, a daidai wurin nan zai sake fitowa. Mai irin wannan ya riƙe kwalin maganin ya kai wa likita, ya kuma haddace sunansa don ya guje shi har abada.

ƘURAJEN DA AKE ƊAUKA WAJEN SADUWA

Tsiro mai kama da zankon zakara. Yana farawa ƙarami, mai laushi, kansa da kaushi. Yana iya zama ɗaya, yana iya taruwa ya yi cunkus a jikin azzakari, ko bakin mafitsara, ko kewayen dubura. Galibi ba ya zafi. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo shi, kuma yakan ɗauki makonni ko watanni bayan saduwa kafin ya fito, don haka da wuya a san ranar da aka ɗauka. Ƙwayar nan iri-iri ce. Iri biyu, mai lamba 6 da mai lamba 11, su ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na wannan tsiro. Waɗansu biyu kuma, 16 da 18, ba su yin tsiron da ake gani, amma su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon dajin bakin mahaifa ga mata. A asibiti ana ɗiga wa tsiron wani magani, ko a ƙone shi da na'ura, ko a yanke. Yakan sake fitowa, sai a koma. Tun shekarar 2006 akwai allurar rigakafin wannan ƙwaya, kuma Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar a yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Ƙuraje masu cibiya. Mulmulallu ne, masu sheƙi, kamar ƙwayar dawa, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Yara na samun su a jiki wajen wasa, manya kuma a mara da cinya wajen saduwa. Sukan ɓace da kansu cikin wata 6 zuwa shekara, wani lokaci fiye. In an matse su farin abin da ke ciki ya taɓa wani wuri, can ma su fito. In sun yi yawa ƙwarai ga babba, ko sun hau fuska, alama ce garkuwar jiki ta yi rauni, sai a auna jini.

Ƙuraje masu ruwa. Kwana 2 zuwa 12 bayan saduwa wurin zai fara zugi ko ƙaiƙayi, sai ƴan ƙuraje masu ruwa su fito a dunƙule. Su fashe su bar ƙananan raunuka masu raɗaɗi. Karon farko yakan zo da zazzaɓi da kaluluwa, ya yi sati 2 zuwa 4. Likitoci na kiran ta herpes. Ƙwayarta ba ta barin jiki, tana laɓewa cikin jijiya, ta sake fitowa in an gaji ko an yi wata rashin lafiya, amma komowar ba ta kai ta farko tsanani ba. Akwai ƙwayar magani mai suna asikulobir da ke gaggauta warkewa in an fara sha da wuri. Babban haɗarinta ga jariri ne. In mace ta ɗauka gab da haihuwa, tana iya kashe jinjiri.

Gyambo mai zafi. Yana fitowa kwana 3 zuwa 10 bayan saduwa, mai laushi, mai mugunya, in an taɓa ya yi jini, da kaluluwa wadda takan nuna ta fashe. A da ya yi yawa a ƙasashenmu, yanzu ya ragu ƙwarai. Yana jin magani.

Ƙyandar biri. Ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, kuma a 2022 ta bazu ƙasashen duniya da yawa. Tana zuwa da zazzaɓi, da kaluluwa, da ƙuraje masu tauri masu mugunya, waɗanda ga wasu a gaba suke fara fitowa. Ana ɗaukar ta ta haɗa jiki da ta mayafi, kuma alamunta na iya jinkiri har kwana 21. Mai ita ya keɓe kansa har ɓamɓaroki ya faɗi sabuwar fata ta fito.

TUNJERE, MAI AIKIN GARA

Wannan ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Kowane manomi ya san aikin gara: ginshiƙin rumbu yana tsaye lafiya lau a ido, cikinsa kuwa an cinye. Haka tunjere take. Tana da mataki huɗu.

Mataki na farko. Tsakanin kwana 10 da kwana 90 bayan saduwa, galibi sati uku, ƙurji ɗaya zai fito inda ƙwayar ta shiga. Ya buɗe ya zama gyambo kewayayye, gindinsa da tauri, ba mugunya, ba zafi. Ko an yi magani ko ba a yi ba, cikin sati 3 zuwa 6 zai rufe. Nan ne mutane ke ruɗuwa. Gyambo ya warke, amma ƙwayar ta riga ta shiga jini.

Mataki na biyu. Bayan makonni ko ƴan watanni, sai tabo-tabo ya fito a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, galibi ba ƙaiƙayi. Akan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, miki a baki, zubar gashi wuri-wuri, ko wani tsiro mai faɗi mai damshi a matsematsi. Sai a ce zafi ne, ko shawara, ko sammu. Wannan ma yana wucewa da kansa.

Mataki na uku. Shiru. Ba wata alama, shekara da shekaru. Awon jini kaɗai ke tona ta.

Mataki na huɗu. Ga waɗansu, bayan shekara 10 zuwa 30, sai ta taɓa zuciya da babbar jijiyar jini, ko ƙwaƙwalwa, ko laka. Ta kawo makanta, ko shanyewar jiki, ko taɓin hankali.

Mace mai ciki in ta ɗauka, cutar tana ƙetarawa ga ɗan da ke ciki. Ta jawo ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko bakwaini, ko jariri mai ciwo. Kuma ba tsohon labari ba ne. OMS ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 8 masu shekara 15 zuwa 49 suka kamu da tunjere a duniya, kuma ciki kusan 700,000 cutar ta taɓa ɗan da ke cikinsa.

Abin takaici, maganinta sananne ne tun 1943, wato penisilin. In an kama ta da wuri, allura ɗaya mai daɗewa a jiki ta isa. In ta daɗe, allura uku, sati-sati. Amma abin da ta riga ta ɓata a zuciya ko ƙwaƙwalwa, allura ba ta gyara shi. Garin kafso da ake barbaɗawa kuwa ba ya kai wa inda ƙwayar take.

RAUNI ƘOFA CE GA SIDA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lafiyayyar fata katanga ce. Duk gyambo ko ƙurjin da ya fashe a gaba, ƙofa ce a buɗe, ƙwayar sida ta fi saurin shiga ta nan, ta fi kuma saurin fita zuwa ga wani. Shi ya sa in an sami mutum da ɗaya daga cikin cututtukan nan, likita ke ba shi shawarar awon sida. Ba zargi ba ne, aiki ne. Yau akwai magungunan da ke danne ƙwayar, mai shan su kullum yana noma, yana aure, yana haihuwar ƴaƴa lafiyayyu.

Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu, da Kenya, da Uganda, wanda sakamakonsa ya fito tsakanin 2005 da 2007, ya nuna kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar sida da kusan kashi 60 cikin 100. Ragewa ce, ba hanawa ba. Kada mai kaciya ya ɗauka yana da sulke.

CIWON DAJI

Ciwon dajin azzakari ba shi da yawa, musamman ga waɗanda aka yi wa kaciya tun suna yara. Ya fi kama wanda ya haura shekara 50, da mai shan taba. Yana farawa kamar ɗan tsiro mai tauri, ko faci mai kauri, ko mikin da ya ƙi warkewa, yana jini ko wari. Da fari ba ya zafi. In an zo da wuri, ɗan wuri kaɗan ake cirewa. In an yi jinkiri, wani lokaci sai an yanke gaban.

A kuma bambanta ƙullutun da ke cikin fatar maraina da wanda ke jikin ƙwayar maraina kanta. In mutum ya shafa ya ji ƙwaya ɗaya ta yi tauri kamar dutse, ko ta fi da girma, ko da wani ƙulli manne da ita, ko ba zafi, wannan na likita ne ba jira. Ya fi samun masu shekara 15 zuwa 40, kuma yana warkewa sosai in an tare shi da wuri.

YAUSHE ZA A JE LIKITA?

A tafi yau, ko da dare ne:
- In maraina ko matsematsi sun kumbura da zafi mai tsanani, da zazzaɓi, fata tana baƙi ko tana wari. Ruɓa ce mai gudu cikin awoyi, ta fi kama masu ciwon sukari.
- In ciwo mai tsanani ya soki ƙwayar maraina farat ɗaya, musamman ga saurayi. Mai yiwuwa ta murɗe, kuma bayan awa 6 damar ceton ta tana raguwa da sauri.
- In fitsari ya ƙi fita.
- In bayan shan magani fata ta fara saɓulewa a gaba, da baki, da idanu.

A tafi cikin kwana biyu ko uku:
- Duk gyambo ko miki a gaba, da mai zafi da marar zafi.
- Ƙuraje masu ruwa ko masu mugunya.
- Duk sabon ƙurjin da ya fito bayan saduwa da wadda ba a san lafiyarta ba.
- Ƙurji tare da ɗigar mugunya, ko zafin fitsari, ko kaluluwa.
- Tabo-tabo a tafin hannu ko tafin ƙafa.
- Ƙulli a jikin ƙwayar maraina.
- Kowane irin ƙurji, in matar gida tana da ciki.
- Tsiro ko miki a gaban yaro ƙarami.
- Gyambon da ya taɓa fitowa ya warke da kansa ba a auna jini ba, ko da bara ne.

Ana iya saurarawa sati biyu:
- Ƙurajen aski ko na zufa, in ba zazzaɓi kuma ba su yaɗuwa. In sati biyu ya cika ba su tafi ba, ko suna girma, ko sun sake kama, sai a tafi.

ABUBUWAN DA BA A YI

Kada a matse, kada a tsaga da reza, kada a kai wa wanzami ya yanke. Kada a ɗaure tsiro da zare. Kada a sa ruwan batir, ko kanwa, ko toka, ko lemun tsami, ko man goge haƙora. Kada a sayi kafso biyu uku a bakin kasuwa. Maganin da ya sha rana bisa faranti ƙarfinsa ya ragu, kuma ɗan abin da aka sha yana ɓad da kamannin ciwon, likita ya kasa gane shi, ƙwayar kuma ta saba da magani. Kada a kusanci iyali sai an duba. Wanda ke cewa saduwa da wata mace tana fitar da ciwo daga jiki, ƙarya yake yi. Cutar ba ta fita, mutum biyu take kamawa.

ME AKE YI A GIDAN LIKITA?

A fara da likitar da ta fi kusa, wato CSI. Malamin asibiti zai yi tambayoyi: yaushe abin ya fito, yana zafi, an yi tafiya, yaushe aka yi saduwar ƙarshe, wane magani aka sha ko aka shafa. A faɗi gaskiya, domin da amsar nan yake aiki. Sa'an nan ya sa safar hannu ya duba a keɓe. Ana iya ɗibar ɗigon jini a yatsa, sakamako ya fito cikin minti 20 ko ƙasa da haka. In gyambon sabo ne ƙwarai, jini na iya nuna babu alhali akwai, shi ya sa akan ba da magani a ranar, a ce a komo a sake awo. Abin da ya fi ƙarfinsu su tura shi asibitin gunduma, ko manyan asibitocin Maraɗi, Tawa, Damagaram ko Yamai.

Riƙe asirin majinyaci wajibi ne bisa ma'aikacin lafiya. Wanda ke jin nauyin mace ta duba shi, ya nemi namiji. Wanda ke jin kunyar likitar garinsu, ya je ta gaba ranar kasuwa. Magani kuma a shanye shi duka, ko da wuri ya warke tun kwana na uku.

MAGANAR IYALI

Nan ne wuyar take. Mutum ya yi magani shi kaɗai a ɓoye, ya koma ɗaki, ya sake ɗaukar abin da shi ya kai. Mace takan ɗauki waɗannan cututtuka ba ta sani ba, domin nata mikin yana ciki inda ba a gani. In likita ya ce cutar ta saduwa ce, dole a yi wa matar gida magani. Mai mata biyu ko uku ko huɗu, dukansu, lokaci ɗaya, ko da ba wadda ta koka. Bayan allurar tunjere a dakata da kwanciya kwana 7, kuma sai miki ya rufe sarai.

Kada a mai da abin shari'a. Waɗansu ƙwayoyin suna kwana a jiki shekaru, tun kafin auren da ake ciki, don haka ba kullum ake sanin wanda ya kawo ba. Wanda bakinsa ya yi nauyi, ya roƙi malamin asibiti ya taya shi bayani. Kunyar yini ɗaya ba ta kai ɗaukar gawar jariri zuwa maƙabarta ba. Kuma kowane maigida ya tabbata matarsa mai ciki ta je awon ciki tun watannin farko, an kuma auna jininta.

RIGAKAFI

Tsare kai ga iyali shi ne babbar kariya. Wanda bai iya ba, ya yi amfani da kwaroron roba, irin su Foula, tun daga farko har ƙarshe. Yana karewa ƙwarai, sai dai ba ya rufe mara da maraina, don haka tsiro da ƙuraje masu ruwa na iya ratsowa ta gefe. Mai komowa daga doguwar tafiya wanda ya san abin da ya faru a can, ya biya ta likita kafin ya shiga ɗaki. Masu shirin aure, da saurayi da budurwa, da bazawari da bazawara, su auna jini. A riƙa wanka da sabulu marar ƙarfi, a tsane jiki sosai, a sa wando na auduga mai walawa. Sau ɗaya a wata, wajen wanka, mutum ya dubi jikinsa da kyau, domin wanda ya san yadda yake jiya shi ke gane abin da ya sake yau.

Mai karatu, in ka gama, ka karanta wa ɗan uwanka wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.